Farar Motar da ke Cikin Kacalla

Ba Fannami bai taɓa mallakar mota ba. Ya fi shekara arba'in yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, amma har yau tsohon kekensa yake hawa daga gida zuwa gareji. Garejin nasa rumfar kwano ce a gindin wata tsamiya, a bakin hanyar da ta fita daga Haɗejiya ta nufi Kafin Hausa.

Mahaifinsa Babarbare ne na bakin Tafkin Cadi, falken bandar kifi, shi ya sa har yau ake ce wa ɗan nasa Ba, wato baba da Barbarci. Da shi ya riƙa zuwa Haɗejiya a bayan babbar mota yana ɗan shekara goma sha biyu. Duk inda motar ta tsaya, uban yana lissafin kwandunan kifi, shi kuwa Fannami yana tsugune yana leƙen ƙarƙashinta. Da uban ya gaji da faɗa, sai ya kai shi wurin wani bakanike a Nguru. Daga can ya wuce Kano, ya yi shekaru, sannan ya dawo Haɗejiya ya yi aure ya zauna.

Ba ya taɓa inji. Aikinsa ƙasan mota ne: giyabos, da farfela, da kuma difarenshal, wanda shi yake kira tukunya. Ita ce dunƙulen ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, mai karɓar juyi daga inji ta raba wa tayoyin biyu, ta yadda in an zo kwana ta waje za ta fi ta ciki sauri. Ba Fannami kan ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin tukunya, ya sa kunne a ƙotarta, ya ce a juya taya. Kafin a kwance ko da noti ɗaya ya gaya maka abin da ya ci. Mutum ne mara yawan magana, kuma ba ya cikin masu ba da labarin aljanu. Shi ya sa da ya ba ni wannan labarin na zauna na saurara.

A bazarar da ta biyo bayan babbar ambaliyar nan da ta ci gonaki daga Auyo har Haɗejiya, wata mata ta zo garejinsa. Ta ce sunanta Adila, malamar makarantar 'yan mata ce, kuma mahaifinta Alhaji Badaru ne ya aiko ta. Ba Fannami ya san sunan. Tsohon ɗan kwangila ne da ya daɗe da daina fita, an ce ciwon zuciya ya kwantar da shi.

Ta ce akwai wata mota a gidansu da tun tana goye ba a tayar da ita ba. Yanzu tsohon ya kafe sai an gyara ta. An kira masu inji sun yi nasu, ta tashi, amma da an sa giya sai wani ƙara ya fito daga baya, motar ta riƙa fizga.

Washegari da hantsi ya je. Aka buɗe masa wani ɗaki a can bayan gida, aka yaye tamfol. Jar mota ce ƙirar Japan, mai ƙofa biyu da kujera biyu, mai dogon hanci, ta kwanta ƙasa-ƙasa kamar kwale-kwale. Irin motocin tseren da samarin masu hali suka yi yayi a da. An turo Alhaji Badaru a keken guragu har bakin ƙofa. Suka gaisa, ya zuba wa motar ido.

Ba Fannami ya ɗaga bayanta da jak, ya sa kunne, ya juya taya da hannu. Sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan shiru, sannan ya sake. Ya san haƙora uku ne na giyan cikin tukunya suka karye. Amma ya ce mini a duk shekarunsa bai taɓa jin karyayyen haƙori ya yi irin wannan sautin ba. Ba ƙarar ƙarfe da ƙarfe ba ce. Kamar mutum ne yake ƙwanƙwasa gilashi da bayan yatsu.

Ya ɗago kai ya ga Alhaji ya juyar da fuska bango, ya damƙe hannun kekensa. Can ya ce wa 'yarsa ta mayar da shi ɗaki.

Aka ja motar zuwa gareji. Da Ba Fannami ya kwance notin da ake tsiyaye mai, ya tara kwano yana jiran baƙin mai mai kauri da wari, sai ruwa ya zubo. Ruwa ne garai, mai sanyi, mai ƙamshin laka irin na gulbi a farkon damina. Ya kusa cika kwanon kafin ɗan guntun mai ya biyo baya. Ya kira Adila a waya ya tambaye ta ko ambaliyar bara ta shiga gidansu. Ta ce ko layinsu ruwa bai taka ba, unguwar tasu a kan tudu take. Ya zubar da ruwan a gindin tsamiya, ya ci gaba da aiki.

A cikin tukunya akwai wani babban faranti mai haƙora a gefe, da wani ƙaramin giya da ke juya shi. Su biyun tare ake ƙera su, tare ake goge su har su saba da juna, don haka ba a canza ɗaya a bar ɗaya. Ya ƙirga: talatin da tara a faranti, goma a ƙaramin. Tsatsa ta cinye duka boris ɗin da giyan ke juyawa a kai, robobin da ke tare mai sun bushe sun tsattsage.

Ya hau mota ya tafi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, wurin wani tsohon abokinsa mai sayar da kayan gyara da ake kira Bakari. Boris da robobin ba su yi wuya ba, an samu na wata a-kori-kura da suka zo daidai. Farantin da ƙaramin giyan ne suka gagara. Suka yini suna shiga shago suna fita, suna tona tarin ƙarafa. Wasu 'yan kasuwar ma ba su taɓa ganin motar ba. Bakari ya ɗauki hoto ya tura wa mutanensa a Legas da Nnewi. Bayan kwana tara aka aiko da wasu a motar haya, a naɗe cikin buhu. Ba Fannami ya ƙirga ya samu talatin da bakwai, ramukan noti kuma ba su hau ba. Aka mayar.

Wani mai walda ya ce a kawo ya cike gurbin haƙoran ya gurje su. Ba Fannami ya ƙi, ya ce ba za su kai Auyo ba za su tarwatse. Adila ta bincika a waya ta gano wani a ƙasar waje yana da su, amma sai an yi wata uku kafin su iso. Da ta faɗa masa haka sai ta sunkuyar da kai.

"Ba Fannami, likita bai ba mu wata uku ba," in ji ta. "Kullum da safe abin da yake fara tambaya ke nan. Ban san me yake so da ita ba. Ko tsayuwa ba ya iyawa."

Ya ce mata ta yi haƙuri, zai ci gaba da nema.

Ana cikin haka wani masunci mai suna Baƙo, daga wani ƙauye da ke gaba da Auyo, ya kawo injin ban-ruwa gyara wurin maƙwabcin Ba Fannami. Yana jira a gama, sai ya hango jar motar a kan duwatsu. Ya taso ya zagaya ta sau biyu, ya shafa rufinta, ya ce ai ya san 'yar'uwarta, sai dai waccan fara ce.

Ba Fannami ya ajiye sifana ya tambaye shi a ina.

Baƙo ya ce a cikin fadama. Ambaliyar bara ta sauya wa ruwa hanya, ta kwashe wani babban dandalin kacalla, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye musu wuraren su, ta kuma kwashe yashin da ke ƙasa. Da ruwa ya ja sai ga rufin mota. Ya ce babu wanda ya taɓa ta. Tsuntsayen jan-baki da ke rufe fadamar kamar hayaƙi ba sa sauka a wannan kusurwar, kuma shi da kansa ya ga Fulani sun koro shanu, shanun suka ƙi shan ruwan wurin suka zagaye.

Ba Fannami bai gaya wa kowa ba. Ya ɗaure sifanu da shebur a buhu, shi da Baƙo suka hau babur da sassafe zuwa Auyo, suka bi ta cikin gonakin shinkafa har inda hanya ta ƙare. Daga nan Baƙo ya sa shi a kwale-kwale. Suka shiga wata siririyar hanyar ruwa, kacalla ta yi musu bango dama da hagu, ta fi tsayin mutum biyu. Rana ta take, zafi ya sauko, babu iska. Ya ce tun suna jin kukan tsuntsaye da injinan ban-ruwa daga nesa har suka daina jin komai sai ɗigar ruwa daga sandar tuƙi.

Sai fili ya buɗe. Ga ta nan a gefen wani tsibirin laka, hancinta a nutse, bayanta a ɗage. Fentin ya koma ruwan ƙasa amma ana gane fara ce. Ƙira ɗaya ce da ja, ba bambanci. Ba Fannami ya ji daɗi, don tukunyar tana waje, ko haƙa ba sai an yi da yawa ba. Baƙo ya ƙi saukowa, ya ce zai jira a cikin jirgi.

Ya taka laka har gwiwa ya isa gare ta. Ƙofofin a rufe suke, gilasan a ɗage har sama, babu wanda ya fashe. Ya ɗebi ruwa da hannu ya wanke gilashin gefen direba, don kawai ya ga yadda cikin yake. Laka ce ta cika ta har saman sitiyari, ta kwanta lif. A jikin gilashin daga ciki akwai wasu ƙananan abubuwa farare a jere. Ya daɗe yana kallo kafin ya gane ƙasusuwan yatsu ne, ga agogo a ƙasa da su ya yi kore.

Ya ja da baya, ya yi salati, ya mayar da sifanunsa buhu. Suka je suka shaida wa dagacin ƙauyen, shi kuma ya aika wa hukuma.

Da la'asar Ba Fannami ya isa gidan Alhaji Badaru, lakar ba ta gama bushewa a wandonsa ba. Ya tarar da shi a zaure, Adila tana ba shi magani. Ya ce ya samo irin motar a fadama, fara, amma akwai mutum a ciki.

Tsohon bai yi mamaki ba. Ya ture kofin da ke bakinsa a hankali.

"Mukhtar ne," in ji shi.

Ya ba su labarin a hankali, yana yi yana hutawa. Mukhtar amininsa ne tun suna yara. Tare suka je Legas suka sayo motocin, shi ja, Mukhtar fara. Wata ranar damina, shekara talatin da biyar da suka wuce, suka fita tsere a kan tsohuwar hanyar da ta ratsa fadama, bayan la'asar, ruwa ya cika ko'ina. Mukhtar ne ya ce su juya. Shi ya yi masa dariya, ya ce tsoro yake ji. Mukhtar ya wuce gaba. Ashe ruwa ya cinye ƙarƙashin hanyar. Farar motar ta sulale ta faɗa, ba ta ko yi ƙara ba.

"Ta ɗan jima tana yawo a kan ruwa," in ji Alhaji Badaru. "Ina ganinsa. Yana buga gilashi. Na iya iyo, Fannami. Duk garin nan an san na iya iyo."

Bai shiga ba. Ruwa ya fara taɓa tayoyin tasa motar, sai ya sa ribas da ƙarfi, ya ji wani abu ya karye a baya, ya lallaɓo gida ya rufe ta a ɗaki. Babu wanda ya gan su tare. Ya yi niyyar faɗa da safe, safiya ta yi bai faɗa ba, kwana ya zama mako. Da aka gaji da nema, mutane suka yanke cewa Mukhtar ya gudu ne ya bar matarsa Gumsu da tsohon ciki. Har shi aka zo ana tambaya, ya ce bai sani ba.

Ya ce so yake a gyara motar a kai shi wurin ya nuna, don bakinsa ya kasa faɗa. Adila ta tashi ta shige gida.

Kwana biyu bayan haka aka fasa gilashin a gaban hukuma da dagaci, aka tattara abin da ya rage na Mukhtar a farin ƙyalle. Aka yi masa salla a Haɗejiya aka binne shi kusa da iyayensa. Kafin a ɗauki gawar, Alhaji Badaru ya sa aka tura shi a kekensa zuwa gidan da Ya Gumsu take, ya nemi Ba Fannami ya raka shi. Tsohuwa ce doguwa, mai sayar da turaren wuta. Ta jira Mukhtar shekara huɗu kafin alƙali ya raba auren, ta yi wani, shi ma mijin ya rasu. 'Yar da ta haifa, Amatullahi, tana aure a Kafin Hausa.

Ta zauna a kan tabarma ta saurare shi har ya gama. Ba ta yi kuka ba.

"Tsoron ruwa ba laifi ba ne, Badaru," ta ce. "Amma ka bar ni na gaya wa yarinya ubanta ya gudu ya bar ta. Da bakina na gaya mata, kuma kana nan a garin."

Ya nemi ta yafe masa. Ta ce yau ba za ta iya ba, ya ba ta lokaci.

Ba Fannami ya ɗauka maganar gyara ta ƙare. Amma Alhaji ya ce har yanzu yana so a kai shi. Sai Ba Fannami ya koma wurin Ya Gumsu shi kaɗai, ya ce ba zai taɓa ko noti a farar motar ba sai da izininta da na 'yarta. Ta kira Amatullahi a waya suka yi magana da Barbarci. Ta ajiye wayar ta ce ya je ya ɗauka, ƙarfe ne.

Suka koma da Baƙo da wasu majiya ƙarfi huɗu. Notukan sun kama, sai da aka yi ta zuba mai ana bugu kafin su saki. Aka ɗoro tukunyar a kwale-kwale, ta kusa nutsar da shi. A gareji Ba Fannami ya kankare lakar, ya kwance murfin yana tsammanin tsatsa. Sai mai ya zubo, launinsa kamar zuma, ko ɗigon ruwa babu. Haƙoran suna ƙyalli, talatin da tara da goma, babu ko tabo. Ya ce mai yiwuwa laka ce ta toshe kafar shan iskar tukunyar tun ranar farko. Haka ya gaya wa masu tambaya, kuma haka yake gaya wa kansa.

Kwana huɗu ya yi yana haɗawa. Ya wanke tukunyar jar motar da kananzir, ya buga sababbin boris, ya zaunar da ƙaramin giyan. Sannan ya shafa fenti a haƙoran farantin, ya juya, ya duba inda fentin ya goge. In ya goge a baki-baki, sai ya kwance ya ƙara siririn zoben ƙarfe a bayan giyan. In ya yi ciki da yawa, ya rage. Sau shida yana kwancewa kafin shaidar ta zauna a tsakiyar haƙori. Ya ɗaure, ya zuba mai, ya mayar.

Ya fita gwaji da rana tsaka a hanyar Kafin Hausa. Bugun ya ɓace, motar tana tafiya sumul. Amma da gudu ya ɗan yi nisa sai ya ji wani amo can ƙasa-ƙasa, ba daga ƙarƙashinsa ba, daga baya, kamar wata mota tana biye da shi. Ya duba madubi, hanya fayau. Ya rage gudu, amon ya rage, amma sai bayan ɗan lokaci, yadda na baya yake yi in ya ga ka taka birki. Ya dawo ya sake kwancewa, ya duba komai, bai ga aibu ba.

Ranar da ya ɗauki Alhaji Badaru, sai da mutum biyu suka cicciɓa shi suka sa a kujera. Suka wuce Auyo suka bi tsohuwar hanyar har inda ta yanke. Daga nan ba a hango komai sai kacalla. A hanya Ba Fannami ya ba shi haƙuri a kan amon, ya ce zai ƙara dubawa. Tsohon ya ce ya bar shi haka. Suka yi kusan awa a wurin, yana jan carbi, gilashinsa a sauke. Sannan ya ce su koma. Ya rasu bayan saukar ruwan fari da kwana uku. Ya Gumsu ta je gaisuwa, ta zauna tare da Adila har aka watse. Abin da ta yanke a ranta game da yafiyar, babu wanda ta gaya wa.

Adila ba ta so motar ta koma gidansu, sai ta bar ta a garejin. Bayan sadakar arba'in Ya Gumsu ta aiko cewa tana so a kai ta Kafin Hausa wurin 'yarta, kuma a jar motar. Ba Fannami ya wanke ta ya je. Ta shiga da ƙyar, tana mitar kujerar ta yi ƙasa, ta ɗora ƙullin turarenta a cinya.

Sun yi nisa, shinkafa ta yi kore dama da hagu, sai amon ya taso. Ba Fannami ya dube ta. Ya ga ta karkata kai tana saurare.

"Haka farar take yi a da in Mukhtar ya shawo kwanar layinmu," ta ce. "Da na ji sai in sauke tukunya daga wuta."

Ya tambaye ta ko ya rage gudu. Ta ce a'a, ya tafi a haka.

Suka isa ana kiran azahar, ranar kasuwa ce, sai da suka ratsa ta cikin awaki da masu buhunan gero. Amatullahi ta fito ƙofar gida da goyo a baya. Ta gaishe da uwarta, ta gaishe da Ba Fannami, sannan ta tsaya tana kallon motar. Ta tambaya ko irinta ce sak. Ya ce sak, launi ne kawai. Ta buɗe ƙofar direba ta zauna a gefen kujerar, ƙafafunta a waje, ta riƙe sitiyarin da hannu ɗaya. Aka kawo wa Ba Fannami shinkafa da miyar kifi a zaure, ya ci, ya yi salla, ya jira har Amatullahi ta tashi daga kujerar don kanta.